Kanel ɗin Linux 6.8 a ƙarƙashin PostgreSQL: yana ɗaukar kaya, amma sai an gyara masa zama

Ubuntu Server 24.04 ya fito a watan Afrilun 2024 da kanel ɗin Linux 6.8, kuma PostgreSQL 16, manhajar rumbun bayanai, ne ke cikin ma'ajiyar manhajojinsa. A kan wannan haɗin na ɗora sabar da nake kula da ita: RAM gigabait 64, faifan NVMe, na ware wa shared_buffers, wato ƙwaƙwalwar da ayyukan PostgreSQL ke amfani da ita tare, gigabait 16. Kanel shi ne ke raba wa kowane aiki lokacin sarrafawa da ƙwaƙwalwa da hanyar zuwa faifai, don haka duk wahalar da rumbun bayanai zai sha, ta hannunsa take bi. Kaya ne mai kyau, kuma kyauta ne. Sai dai saitin da yake zuwa da shi na kowa da kowa ne, ba na rumbun bayanai ba.

Da pgbench na yi gwajin, wato manhajar da ke zuwa tare da PostgreSQL tana kwaikwayon hada-hadar banki. Muddin masu haɗi da rumbun a lokaci guda ba su wuce ɗarin da max_connections ke yarda da shi tun asali ba, babu abin kushewa. Mai tsara ayyukan kanel mai suna EEVDF, wanda ya gaji CFS tun Linux 6.6, ya raba aiki yadda ya kamata. Na sa masa ido ne saboda tarihi: a 2012 wani gyara da aka yi wa mai tsara ayyuka ana shirin fitar da Linux 3.6 ya rage wa PostgreSQL sauri da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, sai da aka janye shi. Wannan karon ba daga nan matsalar ta fito ba.

Da na ɗaga masu haɗi zuwa 500 ne abin ya canja, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwaji ya ƙare amma sabar ba ta farfaɗo ba. Tambayar da ake aika wa rumbun, wadda a da take dawowa kafin ƙiftawar ido, yanzu sai ta tsaya tana jan ƙafa, alhali babu wani aiki a kan na'urar.

Ga abin da ke faruwa. PostgreSQL yana buɗe wa kowane mai haɗi aikinsa daban, kuma kanel yana riƙe wa kowane aiki teburin da ke nuna inda kowane shafin ƙwaƙwalwa yake. Shafi ɗaya kilobait 4 ne. Gigabait 16 ya kai shafi miliyan huɗu da ɗoriya, kowanne da layinsa na bait 8, wato kusan megabait 32 ga duk aikin da ya zagaye shared_buffers gaba ɗaya. Ninka wannan sau 500, sai ka ga teburan kaɗai za su iya cin gigabait 16. Kamar mai shago ne da littattafan lissafi suka cinye masa wurin ajiye haja. Duba layin PageTables a /proc/meminfo ana tsakiyar gwaji, za ka ga yadda yake kumbura. Da ƙwaƙwalwa ta ƙure, sai kanel ya tura wasu shafuka zuwa swap, wato wurin ajiyar rara a faifai, tun da vm.swappiness, saitin da ke nuna yawan son kanel na yin hakan, a 60 yake zuwa. Idan masu haɗi suka watse teburan suna tafiya, amma abin da ya shiga swap ba ya dawowa sai an neme shi, shafi bayan shafi. Jan ƙafar ke nan.

Maganin yana cikin kanel ɗin kansa, a nan kuma na yaba masa. Manyan shafuka masu megabait 2 suna rage teburan sosai, kuma ba a kai su swap. Gigabait 16 yana buƙatar guda 8192, a ƙara kaɗan a sa a vm.nr_hugepages. A PostgreSQL kuma a mayar da huge_pages zuwa on, don try da yake zuwa da shi idan bai samu manyan shafukan ba shiru yake yi ya koma kan ƙanana. Kada a rikita wannan da Transparent Huge Pages, tsarin da kanel ke haɗa manyan shafuka da kansa, da ya shigo a Linux 2.6.38 a 2011, wanda Oracle da Redis suka daɗe suna ba da shawarar a kashe. Gaskiya kuma masu haɗi 500 kai tsaye ganganci ne. A sa PgBouncer a gaba, wato manhajar da ke tattara masu haɗi da yawa a kan 'yan hanyoyi kaɗan zuwa rumbun.

Rubutu zuwa faifai ma yana da nasa. Kanel ba ya fara kwashe rubutun da ya taru a ƙwaƙwalwa zuwa faifai gadan-gadan sai ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙwaƙwalwar da ke akwai, a kashi 20 kuma yakan taka wa masu rubutu birki. A RAM 64 wannan gigabait ne masu yawa. Na koma vm.dirty_background_bytes da ƙaramin adadi don kanel ya fara kwashewa tun bai taru da yawa ba, kodayake tun PostgreSQL 9.6 saitinsa na checkpoint_flush_after ya rage kaifin wannan matsalar.

Wanda ban yafe masa ba shi ne mai kashe ayyuka idan ƙwaƙwalwa ta ƙare. Idan ya kashe aiki ɗaya na PostgreSQL, duk masu haɗi sai an katse su rumbun ya sake tashi. Takardun PostgreSQL da kansu sun ambaci a sa vm.overcommit_memory a 2 don taƙaita ƙwaƙwalwar da kanel ke yi wa ayyuka alkawari, ni ma haka na yi.

A rubuta saitin a /etc/sysctl.d sannan a sake kunna sabar. Bayan gwaji mai nauyi ƙwaƙwalwa a tarwatse take, kana iya neman manyan shafuka 8192 kanel ya ba ka ƙasa da haka, don haka a duba HugePages_Total kafin a tayar da PostgreSQL.