Man Ayu a Kasuwannin Katsina: Me Ke Cikin Kwalbar?

A wajen masu kayan mata na Katsina da Daura, da masu talla a WhatsApp, man ayu ya yi suna, ana yayata cewa yana ƙara wa mace ni'ima. 'Yar kwalba ce, sau da yawa ba lambar NAFDAC, ba sunan mai haɗawa, ba ranar lalacewa. Shawararmu ita ce kada a saya, kuma dalilin yana jikin dabbar kanta.

Ayu ba kifi ba ne, dabbar ruwa ce mai shayarwa. Da huhu yake numfashi, yakan leƙo da hanci bayan minti 3 zuwa 5, in yana hutawa ya kai minti 20 a nutse. Giwa ma danginsa ce. Babba yakan kai mita 3 ko fiye, amma girman nan galibi hanji ne na narkar da ciyawa da ƙashi mai nauyi. Kitsensa ba shi da kauri, shi ya sa ba ya jure ruwan da ya sauka ƙasa da digiri 20. Yana kogin Neja da Binuwai da tafkin Pandam a Filato, ba a kogunanmu masu ƙafewa da rani ba.

Ga kuma haihuwa: ciki na kusan shekara guda, ɗa ɗaya tak, shayarwa har shekara biyu daga nonon da ke hammatar uwa. Dabba mai ƙarancin kitse da jinkirin haihuwa haka, ina za ta cika kwalaben da ke yawo? Ido da hanci ba sa bambance man da narkakken kitsen wata dabba, sai ɗakin gwaji.

In jabu ne, kuɗi sun tafi. In na gaske ne, abin ya fi muni, domin dokar Najeriya ta 1985 ta hana farautar ayu, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Amfanin da ake yayatawa, babu binciken likita da ya tabbatar da shi. Kitse kuwa a zafin bazara yana ɓaci ya yi ƙarni, matsi da shi na iya jawo ƙaiƙayi da kumburi, kuma kowane irin mai yana raunana kwaroron roba har ya fashe. Hajiya, in matsalar bushewa ce ko zafi, a ga likitar mata. Kantin magani na da abin shafawa mai rajista da aka haɗa da ruwa, ba da mai ba.