Kafin ka ƙara wa NAS ɗinka manyan had disk, tsaya ka ji abin da na gani a Gombe

Aikina ɗaukar bidiyon biki ne da suna da walimar saukar Alƙur'ani, kuma tun da mutane suka fara cewa sai dai a ɗaukar musu da 4K, faifaina (had disk) guda biyu masu 4TB da ke cikin NAS ɗina, wato akwatin ajiye fayil da ke haɗe da netwok, ƙirar Synology DS220+, suka cika maƙil. Biki ɗaya idan aka haɗa kamu da ɗaurin aure da dina da buɗar kai sai ya cinye wuri mai yawa, ga amare sai bayan shekara su dawo suna cewa dan Allah a sake tura musu, wayarsu ta faɗa ruwa. To dole a ƙara girma, tambayar kawai wanne za a saya kuma a hannun wa.

Abu na farko da mutane ba sa ganewa: in akwatinka mai gida biyu ne yana kan RAID 1 ko SHR, wato tsarin da kowane faifai ke riƙe da kwafin ɗayan, ka sa 8TB guda ɗaya kusa da tsohon 4TB, ba abin da zai ƙaru, 4TB ɗin nan dai za ka ci gaba da gani sai ka canza duka biyun. Kuma ɗaya bayan ɗaya ake yi, ka cire ɗaya, ka sa sabo, ka bari ya kwafe komai ya gama, sannan na biyu. Kar ka tsorata in 8TB ya nuna maka wajen 7.2, ba cuta ba ce, lissafin kamfani da na kwamfuta ne suka sha bamban. Masu tsofaffin akwatuna irin DS216j da DS218j kuma ku sani bolum ɗaya, wato wurin ajiya guda da akwatin ke nuna maka, ba ya wuce 16TB a kansu.

Ni dai zaɓina WD Red Plus mai 8TB, kuma ba na ɓoyewa. Dalilina zafi ne. Wanda bai zauna Gombe a watan Maris da Afrilu ba ba zai gane ba, rana tana kaiwa digiri 40 a waje, ɗakin da nake aiki a Tudun Wada rufin kwano ne, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya inbata ce kawai ke riƙe da NAS ɗin. Irin wanda nake da shi yana juyi 5640 a minti ne, ba 7200 ba, saboda haka ba ya ɗaukar zafi sosai, ba ya jan wuta da yawa, kuma ba ya wannan ƙarar ƙurrr-ƙurrr da ke hana mutum barci in akwatin na kusa da gado. Wasu za su ce ai ya fi jinkiri. Malam, wayar netwok ɗin gidanka mai gigabit ɗaya ba ta wuce wajen 110MB a sakan, faifan kuwa ya fi haka gudu, to saurin na 7200 ɗin a ina za ka gan shi? Kamfanin ya rubuta masa aikin 180TB a shekara da waranti na shekara 3, ni duk yawan bukukuwan bayan sallah ban taɓa kusantar wannan adadin ba. Nawa biyu suna aiki dare da rana, na ɗora akwatin a kan kanta nesa da taga, lokacin hunturu ina share ƙurar fankarsa duk sati biyu da burushin fenti, shi ke nan.

Amma ka kula da kalmar Plus ɗin nan, ita ce komai. A 2020 aka gano cewa WD Red zalla masu 2TB zuwa 6TB, waɗanda lambarsu ta ƙare da EFAX, irin SMR ne, wato layukan rubutun hawa kan juna suke kamar jerin kwanon rufi, in za a gyara layi ɗaya sai an sake rubuta na kusa da shi. Ajiye fayil jefi-jefi ba matsala, amma ranar da NAS zai kwafe faifai sukutum a kansa sai ya dinga shaƙewa, wani lokacin har akwatin ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. Bayan hayaniyar ne kamfanin ya ware sunan Red Plus wa masu CMR, waɗanda layukansu ba sa hawa kan juna. In mai shago ya ce maka ai duk ja ne, ka ce ya juyo maka da lambar ka karanta da idonka.

Seagate IronWolf ba laifi, CMR ne, in shi ka samu na gaskiya ka ɗauka. Toshiba N300 ƙara da zafi, ban ga abin da zai kai ni ba. Exos da Ultrastar na manyan ɗakunan saba (server) ne masu AC. Barracuda kuwa na kwamfutar tebur ne, yawancinsu SMR, kar ma ka fara.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Kafin waɗannan da nake amfani da su, na taɓa sayen wasu guda biyu a hannun wani da na gani a gurup na WhatsApp, ya ce sababbi dal, farashin ya yi ƙasa da na kowa sosai, ya sako min su a mota na je tasha na karɓa. Suna cikin ledarsu a liƙe, na duba awannin aikinsu ya nuna sifili, na sa su komai ya tafi lafiya, na yi wa tsofaffin fomat na sayar. Wata uku da 'yan kwanaki ɗaya ya fara ƙas-ƙas, ina cikin neman kuɗin madadinsa kwana biyar na biyun ya bi shi. A ciki akwai bikin wata yarinya a Tumfure da ban riga na miƙa ba. Na je na durƙusa gaban mahaifinta na ce Alhaji a yi haƙuri, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce ba komai ɗana Allah ya kiyaye gaba, amma wallahi har yau in na tuna fuskar mahaifiyarta da ta leƙo daga zaure raina ɓaci yake. Kuɗi na mayar, amma ɗaurin aure ba a sake shi. Mutumin kuwa lambarsa ta daina shiga.

Daga baya da na ɗauki faifan na duba da kyau sai ga ƙarce a haƙoran da ake sokawa, ramukan kusoshi sun sha ɗauri, takardar saman ma ta ɗan karkace. Tsofaffi ne aka goge musu tarihi aka sake liƙewa. Kuma ba a nan kaɗai ake yi ba, a farkon 2025 mujallar heise ta Jamus ta bankaɗo yadda 'yan damfara ke goge lissafin SMART, wato bayanin lafiya da awannin aiki da faifai ke ajiyewa, na tsofaffin faifan Seagate Exos suna shigar da su kasuwa a matsayin sababbi, har manyan shagunan Turai suka sayar ba su sani ba. Abin da ya tona asirin wani lissafi ne na biyu da faifan Seagate ke ajiyewa mai suna FARM, ana karanta shi da manhajar smartctl daga fitowa ta 7.4 zuwa sama, sai ka ga SMART na cewa sifili shi kuma yana nuna dubban awanni. In Turai da dokokinta an yi musu haka, ina ga kayan da ya bi hannu biyar kafin ya iso Gombe?

Don haka kafin ka tura ko sisi, ka ce a ɗauko maka hoton takardar faifan, ka kwafi siriyal lamba ka sa a shafin duba waranti na kamfanin, WD da Seagate duk suna da shi. In ya nuna waranti ya ƙare, ko girman da ya fito ba shi ne a takarda ba, ko ya ce an sayar da shi ne a cikin wata na'ura, ka bar shi. Ka dubi ranar ƙira, sabon da aka ƙera shekara huɗu baya akwai tambaya. Leda a liƙe ba hujja ba ce, injin liƙe leda ko masu ƙulla garin yaji suna da shi. Ka nemi rasit mai sunan shago da siriyal a rubuce, ku yi magana a fili cewa kana da sati guda na gwaji, wanda ya ƙi wannan ya san abin da ya taka. In hali ya yi kar ka sayi biyun a hannun mutum ɗaya rana ɗaya, abin da ya kashe ni ke nan, tare suka tsufa tare suka mutu.

In sun iso ka yi musu dogon gwajin SMART, na 8TB yana cin awa 12 ko fiye, ka haƙura. Ranar canji ka tabbata batirin inbata ko UPS a cike yake, ni da safe nake farawa lokacin da sola ke ja, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi ita ce mafi haɗari, a lokacin faifai ɗaya tak ke riƙe da dukiyarka. Kuma kafin ka taɓa komai ka kwafe muhimman fayil a wani faifan USB daban, RAID ba ya dawo da abin da ka goge da hannunka ko wanda tsawa ta ƙona.

Tsofaffin 4TB da ka cire kar ka sayar, kar ka yi musu fomat. Ka sa su a ledar da sababbin suka zo ciki, ka rubuta kwanan wata da maka a jiki, ka ajiye a durowa. Ni yanzu duk aikin da ban miƙa wa masu shi ba yana wuri biyu, ɗaya a NAS, ɗaya a wani faifai da nake ajiyewa a gidan yayana a Pantami, duk Juma'a bayan masallaci nake biyawa in sabunta shi.