Sharhi: sabon bugun littafin dodanni na Aldrovandi

Littafin Monstrorum Historia, mai bayanin dodanni da hotunansu, na Ulisse Aldrovandi, masanin dabbobi da tsirrai, ya fito a Bolonya ta Italiya a 1642, shekara 37 bayan rasuwar mai shi, Bartolomeo Ambrosini ne ya tattara shi. Sabon bugun da na duba irin wanda ake bugawa sai an yi oda ne, kuma a ganina bai yi wa zanen adalci ba.

Matsalar daga girma ta fara. Na asali babban littafi ne mai shafi sama da 700, an sassaƙa hotunansa a katako. Mai sassaƙa ba shi da launin toka, da siraran layuka jere yake yin inuwa. Wannan bugun ya matse shafin zuwa tsayin santimita 23, sannan an ɗauki hoton da baƙi da fari zalla. Sai layukan suka haɗe. Gashin fikafikan tsuntsuwa mai kan mace ya zama dunƙulen tawada, ɓawon jikin kifin nan mai siffar limamin coci ya ɓace a wurare da dama. Manyan siffofi, kamar mai rabin mutum rabin doki, sun fito da kyau domin layinsu mai kauri ne. Takardar ma siririya ce, rubutun baya yana leƙowa ta cikin hoto, kuma da gam aka haɗa shi ba ɗinki ba, ba ya buɗewa sosai.

Ya kamata mai saye ya san abu biyu. Rubutun duka Latin ne, babu fassara. Kuma cikakken bayanin dodon nan mai ƙafa biyu da aka ce an kashe kusa da Bolonya a 1572, shekarar da aka naɗa Paparoma Gregory na 13, yana cikin wani littafin Aldrovandi daban, na macizai da dodanni na 1640. Can ne kuma za a ga dodon jabu da ake yi da busasshen kifin teku mai faɗi kamar faifai.

Kafin ka biya, nemi hoton shafi ɗaya mai gashin tsuntsu, ka ƙara girmansa a waya. In kana iya ƙirga layukan inuwa, bugun ya yi. Ka tambayi tsayin shafin, ƙasa da santimita 30 kada ka saya. Mai koyon zane gara ya buɗe kwafin da Jami'ar Bolonya ta saka a intanet kyauta, har tabon tsohuwar takarda yana gani.