Farantin daɓe ya zauna lafiya, dokin ƙofa ya ci min mako biyar

Na jinkirta wannan sharhi har sai da zuciyata ta ɗan huce, don kada in zalunci kowa. Kaya biyar na yi oda wajen wani dillalin intanet mai sayar da kwafin ƙarafan bodin tsofaffin motoci: farantin daɓe biyu, wato ƙasan motar da ake taka ƙafa, na hagu da na dama, ƙarfen dokin ƙofa biyu, sai madigadin baya guda. Motar Volkswagen Beetle ce ƙirar 1972, ta marigayi mahaifina, ta shekara goma sha ɗaya a ajiye ƙarƙashin rumfa. Ni ba fanalbita ba ne. Ina da ƙaramin injin walda, da giranda, da ranakun ƙarshen mako, kuma na ɗauki alkawari wa kaina cewa motar nan za ta sake hawa titi da hannuna.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Farantin daɓen ya yi kyau. Wanda ya san Beetle ya san batir ɗinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, gefen dama, kuma ruwan batir shi ke fara cinye wurin. Nawa farantin ya ruɓe har ana hango ƙasa. Na ɗaga bodin daga kan shasi, na huda tsofaffin ɗigon waldar ɗaya bayan ɗaya, na ɓamɓare tsohon, na ɗora sabon. Ban da ɗan datsa da na yi a kusurwar gaba, ya zauna daram a leɓen tudun da ya ratsa tsakiyar shasi. Kaurinsa ya kai, ba irin gwangwanin nan ba ne da za ka danna da yatsa ya lotsa. A ranar har na gaya wa ƙanena cewa mun dace da dillali.

Matsalar daga dokin ƙofa ta fara, kuma dole in yi bayani don wanda bai taɓa shiga cikin Beetle ba ya gane girman abin. Wannan ƙarfen da ke kwance ƙarƙashin ƙofa ba ado ba ne. Injin motar iska ke sanyaya shi, babu ruwan radiyeta, saboda haka ɗumin cikin mota daga wajen salansa ake ɗebo shi, ya bi ta bututun da ke cikin wannan ƙarfe ya fito gaba. Zafi da sanyi suna haɗuwa a ciki, raɓa ta taru, tsatsa ta ci daga ciki zuwa waje. Kuma shi ne ƙashin bayan bodin gaba ɗaya. Ginshiƙin gaba da ƙofa ke rataye a jikinsa a kansa yake tsaye, ginshiƙin baya ma haka, jerin notin da ke ɗaure bodi da shasi a jikinsa suke. In ya goce da milimita biyar, ƙofa ba za ta sake rufuwa daidai ba har abada.

Na san haka, shi ya sa ban yi gaggawa ba. Na mayar da bodin kan shasi, na walda ƙarafa a gicciye a bakin ƙofa don kada ya buɗe ko ya tsuke, na auna ta sama, ta ƙasa, ta kusurwa zuwa kusurwa, na rubuta komai a jikin bango da alli. Sannan na yanke tsohon dokin ƙofar hagu. Daga lokacin da giranda ta raba shi da motar, babu komawa baya.

Na ɗauko sabon na cusa. Notin gaba suka shiga. Na tsakiya suka shiga da ƙyar. Uku na baya kuwa ko kusa, ramin faranti yana nan, notin da aka manna a cikin ƙarfen yana can, tsakaninsu ya kai santimita guda. Na sassauta na gaba na ja shi baya don na bayan su shiga, sai lanƙwasar gaban ta bar ginshiƙin ƙofa da giɓin da ɗan yatsana ke shiga. Na rataya ƙofa in gani. In na bi noti, ƙofa ta sunkuya tana gurzar ƙasa. In na bi ƙofa, noti ba su da mashiga. Ranar Asabar guda cur na yi ina sa shi ina cirewa, sau tara na ƙirga, ina zargin awona, ina zargin farantin da na riga na walda. Sai da dare na tuna tsohon da na yanke yana nan a gefe. Na jera su biyu a ƙasa, na haska fitila. Ruɓaɓɓen ƙarfe mai shekara hamsin da ɗoriya ramukansa sun yi daidai da sabon farantin nasu, nasu sabon dokin ƙofar ne bai yi daidai da farantin nasu ba. Kaya biyu, shago ɗaya, mota ɗaya, ba su san juna ba.

Na ɗauki hoto da tef ɗin awo a kai na tura musu. Bayan kwana huɗu aka ba ni amsa: "Malam, ai duk kayan kwafi sai an ɗan taɓa su kafin su zauna, haka sana'ar take." Na san da wannan. Tun 1978 aka daina ƙera irin wannan Beetle mai rufi a Jamus, ta ƙarshe a duniya ta fito a Meziko a 2003, ba wanda ke tsammanin kwafi ya zo kamar na kamfani. Datsa leɓe, buga guduma, faɗaɗa rami da milimita biyu, duk na yarda. Amma santimita guda a ƙarfen da ke riƙe da mota ya wuce taɓawa. Da na nemi a canza min, sai aka ce tunda na goge fentin bakin don shirin walda, kayan sun tashi daga sababbi. To yaya mutum zai gwada dokin ƙofa bai goge ba, bai sa a mota ba?

Da na ga ba mafita, na yanke shawarar fasa shi in matsar da notin da kaina. Na huda ɗigon waldar farantin ƙasansa na buɗe. Abin da na gani a ciki shi ya sauya min ra'ayi a kan dillalin nan gaba ɗaya. Cikin ƙarfen tsirara yake, ko ɗigon fenti babu, kuma tsatsa ta riga ta yi ja a duk tsawonsa, na shafa da hannu ta biyo yatsuna kamar gari. Bututun iskar ɗumi da ke ciki wuri biyu kacal aka ɗan ɗiga masa walda, na girgiza shi yana ƙara. Da notin sun yi daidai, da na rufe wannan abu a cikin motar mahaifina, na yi fenti a kai, ina murna, tsatsa tana aikinta a inda ido ba ya kaiwa. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Daga nan na koma kan farantin da na yaba. A shafinsu sun rubuta cewa baƙin fentin da ke jikin kayan irin wanda ake tsoma ƙarfe a ciki da lantarki ne, mai hana tsatsa, ana iya fenti a kansa. Na jiƙa tsumma da tina, ruwan nan mai narka fenti, na goga. Shafa uku, tsumman ya yi baƙi, ƙarfe ya fito fari. Fentin gaskiya na lantarki tina ba ta ɗaga shi haka. Wannan na ajiya ne kawai, wanda ake fesawa don kaya su iso ba su yi ja a hanya ba. Ke nan faranti biyun da na riga na walda sai da na kwanta ƙarƙashin mota na kankare su tas, sama da ƙasa, ƙura tana zuba min a fuska, kafin in shafa furaima ta ƙwarai, wato shafin farko da ake yi kafin fenti. Ƙarfen mai kyau ne, ban janye wannan ba. Abin da aka rubuta game da shi ne ba gaskiya ba, kuma da an faɗa min tun farko da na kankare su a kan tebur cikin awa biyu.

Gyaran dokin ƙofar ya ɗauke ni ƙarshen mako biyar. Na cire noti uku na mayar da su inda ya kamata, na wanke tsatsar, na ƙara wa bututun walda, na fesa furaima mai zinki a inda ƙarafa za su haɗu. Lanƙwasar gaba sai da na tsaga ta na ƙara ɗan ƙarfe. Wajen haɗa shi da mota ɗigo ɗigo na bi, in ɗiga nan in tsallaka can, in jira ya huce har in iya dafa shi, don siririn ƙarfe in ya sha zafi wuri guda murɗewa yake. Ƙofar tana rataye duk tsawon aikin, bayan kowane ɗigo huɗu sai na rufe ta na buɗe. Yanzu tana rufuwa da yatsa biyu, giɓinta milimita huɗu daga sama har ƙasa.

Sabon dokin ƙofar dama kuwa ban sa shi ba. Na duba tsohon da kyau na ga ƙasansa kawai ya ci, samansa da wurin ginshiƙai lafiya lau, sai na yanke ruɓaɓɓen wurin na yi masa faci da ƙarfen da na lanƙwasa da kaina. Nasu yana jingine a bango, na auna shi, shi ma notinsa na baya sun goce. Madigadin kuwa na ɗora shi da noti uku in gani, ramukan sun yi kusa, amma bakinsa bai kwanta a jikin bodi ba ta wajen fitilar baya. Na sauke na mayar da shi kwali. Tsohon madigadin da na yi niyyar yarwa na ɗauko shi jiya na fara buga lotsawarsa.