Sharhi: Maɗaurin ɗumama gilashin kyamara a bakin Tafkin Sufiriya

Kayan ƙarami ne: maɗaurin yadi mai siririyar wayar zafi a ciki, ana naɗa shi a wuyan gilashin kyamara, a jona shi da fawa-banki ta USB. Na yi aiki da shi cikin Janairu a gaɓar Tafkin Sufiriya, arewa da birnin Dulut a jihar Minisota ta Amurka. Ina ba da shawararsa ga 'yan'uwa masu ɗaukar hoto na Birnin Kebbi da Argungu waɗanda karatu ko aiki ke kaiwa ƙasashen sanyi, amma da sharuɗɗa.

Faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita kusan 82,000, wato ya ninka jihar Kebbi sau biyu har da ɗori. Ba kasafai yake daskarewa gaba ɗaya ba, don haka ko sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, ruwan da bai daskare ba yana ta sakin tururi. Hazon nan da ke tashi a kan ruwa da hudowar rana shi kowa ke nema a hoto, shi ne kuma ke ɓata aiki. Gilashin da ya daɗe yana kallon sararin sama da dare yakan fi iskar wurin sanyi, sai danshi ya kwanta masa ya daskare. A ƙaramin allon kyamara ba za ka lura ba. Sai ka buɗe a kwamfuta ka ga taurari sun kumbura, hasken arewa (hasken da ke bayyana a sararin sama da dare a ƙasashen can arewacin duniya) mai kore ya dushe.

A nan maɗaurin ya biya kuɗinsa. Aikinsa kawai ya ɗaga zafin gilashi kaɗan sama da na iska. Naɗa shi dab da gilashin gaba, a bayan inuwar gilashin (kwanon da ake ɗaurawa a bakinsa don tare haske), ka kunna tun kafin ka kafa kyamara, domin hana ƙanƙara kwanciya ya fi narkar da ita sauƙi nesa ba kusa ba. Nawa yana da matakin zafi uku, na tsakiya ya wadatar. Na sama yana shan caji a banza.

Babbar matsalarsa ita ce saitin nisa, wato zoben gilashi da ake juyawa don hoto ya fito tangaran. Da dare da hannu ake saita shi a kan tauraro mai haske, kuma idan ka ja maɗaurin da ƙarfi zoben saitin zai motsa ba ka sani ba. Fara naɗawa, sannan ka saita, ka manne zoben da tef, ka zuƙo hoton farko ka duba. Da gilashin 14mm mai ɗaukar faɗi, buɗin gilashi f/2.8 da ISO (ƙarfin kama haske) 1600 zuwa 3200 da daƙiƙa 5 zuwa 15 na ɗaukar kowane hoto sun isa hasken arewa. Idan yana rawa da sauri, rage daƙiƙun.

Sai wuta. Fawa-banki mai 10,000mAh yana ɗauke da kusan 37Wh. Idan maɗaurin na jan wat 5, lissafi ya ba da awa bakwai, amma asarar juya wuta da sanyi za su ci rabonsu, don batirin litiyom ba ya shiri da sanyi. Kada ka rataye shi a ƙafar kyamara. Sa shi a aljihun ciki da doguwar waya, ko ka naɗe shi da safa tare da fakitin ɗumama hannu. Wayar roba tana sandarewa, idan iska ta kaɗa ta sai ta girgiza kyamara, don haka ɗaure ta a ƙafa ɗaya. A jirgin sama kuma fawa-banki a jakar hannu yake tafiya.

Feshin igiyar ruwa ya fi ƙarfin maɗaurin. Idan ka matsa kusa da duwatsun da ƙanƙara ta lulluɓe, ɗigon ruwa zai daskare a gilashi ko maɗaurin na kunne. Don Allah kada ka hura da baki, numfashinka zai daskare nan take. Yi amfani da robar hura iska da busasshen ƙyalle. Kafin ka shiga ɗaki ko mota mai ɗumi, cire katin hoto, ka rufe kyamara a leda mai zif, ka bar ta awa ɗaya ko biyu. Idan ba haka ba za ta yi gumi kamar kofin ruwan sanyi, har cikinta.

A gida Najeriya amfanin maɗaurin kaɗan ne. Iskar hunturunmu busasshiya ce, ƙura ce damuwarmu. Amma wanda ke ɗaukar taurari ko asubahi a bakin Neja a Yawuri, ko a fadamar Argungu ƙarshen damina lokacin da raɓa ke sauka sosai, matakin zafi na ƙasa zai ishe shi.