Sharhi Kan Hidimar Kamfanin da Ya Kai Mu Kallon Gasar Kofin Afirka a Abijan

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano sun daɗe da ƙwarewa a aikin Hajji da Umara, kuma a 'yan shekarun nan wasu daga cikinsu sun fara haɗa wa masu sha'awar ƙwallon ƙafa tafiyar kallon manyan gasanni a ƙasashen waje, inda mutum zai biya kuɗi a dunƙule, su kuma su ɗauki nauyin jirgi da masauki da tikitin shiga fili da motar kai-komo. Da ɗaya daga cikinsu na je Kodibuwa kallon Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka da aka buga daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ina da ƙorafi a kansa, kuma na riga na gabatar masa da shi kai tsaye. Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi shi ne tsarin da ya bi kusan iri ɗaya ne da na takwarorinsa, kuma ra'ayina a kansa bai sauya ba tun da na dawo: kamfanin ya san yadda ake kare mutum daga haɗarin cunkoson jama'a, amma bai yi wani shiri na kirki ba domin ranar da ɗaya daga cikin matafiyansa zai kwanta ciwo a ƙasar da ba ya jin harshenta.

Shirin da aka yi kafin tashi bai da laifi ta fuskar takardu. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Kodibuwa saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma ba a yi wa kowa sassauci a kan katin rigakafin zazzaɓin shawara, kuma ana duba shi a filin jirgin saman Abijan. Kamfanin ya ƙi karɓar cikon kuɗin kowa sai ya ga katinsa, ya kuma tura waɗanda ba su da shi ofishin lafiya na filin jirgi domin a yi musu allurar da gaske, maimakon su sayi kati a hannun dillalai kamar yadda wasu suke yi. Ma'aikaciyar da ke kula da takardu ta yi wa kowa bayanin cewa katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun daga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta isa har tsawon rayuwa. Wannan tsauri ne da ya dace, domin mai sayen katin bogi kansa yake cuta.

Inda kamfanin ya cancanci yabo sosai shi ne ranakun wasa. Wanda duk ya bi gasar da aka yi a Kamaru kafin wannan bai manta da abin da ya faru a filin Olembe na birnin Yawunde ba, ranar 24 ga Janairun 2022, lokacin da mutum 8 suka rasa rayukansu a turmutsitsin shiga kallon wasan Kamaru da Komoros, bayan an bar wata ƙofa a rufe alhali jama'a sun yi dandazo a bakinta. Shi kansa tsohon filin Abijan na unguwar Filato, mai ɗauke da sunan Felis Hufuwe Bwanyi, inda Najeriya ta doke Gini Bisau da Kamaru da Angola, yana da nasa tarihin mai ɗaci, domin a nan ne mutum 19 suka mutu ranar 29 ga Maris na 2009 a wasan Kodibuwa da Malawi. Jagoran da kamfanin ya ɗauka mana, wani Bahaushe haifaffen unguwar Ajame ta Abijan mai jin Faransanci da Julanci, ya san waɗannan labarai sarai, kuma a kansu ya gina dokokinsa.

Dokarsa ta farko ita ce a bar masauki sa'o'i da yawa kafin a take wasa. Sabon filin Alasan Watara da ke Ebimpe, mai cin mutum 60,000, yana can arewacin birnin kusa da Anyama, kuma hanyar zuwa can takan cushe har mota ta shafe lokaci mai tsawo ba ta motsa ba. Da farko mutane sun yi ta gunaguni, domin zaman jira a fili ba daɗi ne da shi ba. Amma ranar 18 ga Janairu, da Najeriya ta kara da masu masaukin baƙi, muna zaune a kujerunmu muka riƙa jin labarin yadda ake ta matsatsi a shingayen bincike na waje, daga nan babu wanda ya sake ƙorafi. Kafin a sauka daga mota, jagoran yakan tsaya a bakin ƙofa ya nuna wata alama da ba ta motsi, ko turken fitila mai lamba ko allon talla, ya ce nan ne mahaɗa idan an rabu, saboda layin waya yakan toshe idan dubban mutane suka taru wuri ɗaya. Kowa yana da ɗan kati a aljihu mai ɗauke da sunan otal da lambar jagoran, da bayani cikin Faransanci cewa mai katin baƙo ne. Bayan an tashi wasa kuma ba ya barin kowa ya miƙe sai matakalar fita ta yi sauƙi. Akwai ranar da wani dattijo a cikinmu ya matsa sai ya fita da wuri, jagoran ya riƙe hannunsa ya ce, “Baba, don Allah ku yi haƙuri ku zauna, motar ba za ta tafi ta bar ku ba. Idan kuka faɗi a matakalar nan babu mai iya ɗaga ku.” Ya kuma koya mana abin da ya kamata mutum ya yi idan taro ya matse shi: ya ɗaga hannuwansa ya kare ƙirjinsa domin ya samu damar numfashi, kada ya sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi ko da waya ce, kada ya yi jayayya da tururuwar jama'a, sai dai ya riƙa zamewa gefe sannu a hankali.

Ranar wasan ƙarshe, 11 ga Fabrairu, bayan Kodibuwa ta ci Najeriya 2 da 1 ta ɗauki kofin, gari ya cika da masu murna har tituna suka toshe. Jagoran ya shawarci kowa ya rufe koriyar rigarsa ya zauna cikin mota. A gaskiya ba mu ga tsangwama daga mutanen gari ba, galibi ma tsokana ce ta raha, amma shawarar ta yi daidai da dare irin wannan.

A fannin lafiya ne abubuwa suka fara sukurkucewa. Wanda ya baro Kano a watan Janairu ya baro hunturu ne da busasshiyar iska, sai ya tarar da Abijan cikin zafi mai ɗauke da danshin teku, inda gumi yake tsiyaya ba ya bushewa, jiki kuma yana asarar ruwa ba tare da mutum ya ankara ba. Wasan farko na Najeriya, wanda aka tashi 1 da 1 da Ikwatoriyal Gini ranar 14 ga Janairu, da ƙarfe 2 na rana aka fara shi. Kamfanin da ya sa mutane su isa fili da wuri, shi ya kamata ya yi tunanin abin da za su sha a tsawon wannan zama, amma babu ruwa a motar, babu ƙullin gishiri da sukarin nan da ake narkawa a ruwa, babu ko jakar agajin gaggawa. Ba a taɓa tambayar kowa ba, tun daga Kano, ko yana da hawan jini ko ciwon suga ko asma, alhali a cikin tawagar akwai dattawa da ganinsu kaɗai ya isa a yi musu wannan tambaya. Kamfanin da ke kai alhazai Saudiyya duk shekara ya fi kowa sanin abin da zafi yake yi wa tsofaffi, don haka ban ga uzurinsa a nan ba.

Haka nan babu wanda ya yi mana maganar sauro. Mutanenmu sukan ɗauka cewa tunda sun saba da zazzaɓin cizon sauro a gida babu wani sabon abu, amma Abijan ta yi fama da ɓarkewar zazzaɓin dengi a 2017 da 2019, kuma sauron da ke yaɗa shi da rana yake cizo, don haka gidan sauro na dare ba ya wadatarwa, sai an haɗa da man shafawa mai korar sauro da tufafi masu rufe jiki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya kamu da dengi bai kamata ya sha asfirin ko ibuprofen ba, domin suna ƙara haɗarin zubar jini, farasitamol ne ya dace kafin a ga likita. Wannan bayani ne da ba zai ci minti biyar ba a taron bankwana, kuma zai iya ceton rai, ganin yadda kowa yake tafe da ƙullin magungunansa daga kemis.

Ta wajen abinci kuwa sa'a aka ci, ba shiri ba. Jagoran yakan kai mu wajen masu garba, wato acheke (turaren garin rogo) da soyayyen kifi, sana'ar da 'yan Nijar suka yi suna a kanta a Abijan, yana zaɓar rumfar da ake soya kifin a gabanka, yana kuma hana mu ɗanyen tumatir da albasar da aka yanka tun safe aka bari a buɗe. Wannan duk daga saninsa ne, ba ya cikin tsarin kamfanin.

Babban abin da ya ɓata mini rai ya faru ne a daren da wani abokin tafiyarmu mai ciwon suga ya galabaita bayan amai da gudawa. An kai shi wani asibiti mai zaman kansa, aka ce sai an ajiye kuɗin saifa kafin a ba shi gado, kamar yadda aka saba a irin waɗannan asibitoci. A takardar tallan kamfanin an rubuta ƙarara cewa kuɗin da muka biya ya haɗa da inshora. Da aka buɗe takardar inshorar a gaban mai karɓar kuɗi, sai aka tarar ta fi ƙarfi a kan ɓatan kaya da jinkirin jirgi, ɓangaren jinya kuwa sharaɗinsa shi ne mutum ya biya daga aljihunsa sannan ya nemi a mayar masa bayan ya koma gida, kuma ba ta ɗaukar ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya. Wakilin kamfanin da ke tare da mu shi ma a wannan daren ya fara karanta ta. Katunan bankin naira na yawancinmu ba sa aiki a waje a lokacin, darajar naira kuma tana ta faɗuwa a waɗannan makonni, sai karo-karo aka yi, wani ɗan kasuwa Bahaushe mazaunin unguwar Tireshbil ta Abijan ya cika sauran bisa amana. Mara lafiyar ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma zumuncin Hausawan Abijan ne ya fitar da shi, ba hidimar da ya biya kuɗinta ba. Ko lambobin neman agaji na ƙasar, 185 ta motar ɗaukar marasa lafiya da 180 ta 'yan kwana-kwana, a bakin ma'aikacin otal muka ji su, ba su cikin katin da aka raba mana.

Batun tambayar lafiyar matafiya ba ƙaramin abu ba ne, kuma wasan kusa da na ƙarshe ya tabbatar da haka. Ranar 7 ga Fabrairu a birnin Buwake, Najeriya tana gaban Afirka ta Kudu da ci ɗaya, aka soke ƙwallon da Victor Osimhen ya ci, aka koma baya aka ba abokan karawa bugun fanareti a ƙarshen lokaci, aka tafi ƙarin lokaci, sannan bugun daga kai sai mai tsaron gida, inda Stanley Nwabali ya tare biyu Najeriya ta ci 4 da 2. Washegari aka wayi gari da labarin mutanen da suka yanke jiki suka rasu suna kallon wasan, ciki har da tsohon ɗan majalisar wakilai Cairo Ojougboh. Mai hawan jini da ya manta maganinsa a otal a Abijan, ya wuni cikin rana, sannan ya shiga irin wannan tashin hankali, yana cikin haɗari na gaske, kuma na'urar awon jini ɗaya a cikin mota da tunatarwa kafin a tashi sun isa su rage shi.

Tafiyar Buwaken ma tana da nata aibin. Tsakaninta da Abijan kimanin kilomita 350 ne ta Yamusukro, hanyar kuma mai kyau ce, amma domin a tsimi kuɗin kwana ɗaya a otal sai aka juyo da mu a daren, da direban da ya tuƙo mu tun safe, ba tare da mai karɓarsa ba. Mutane sun gaji sun yi barci, wasu daga cikinmu suka ɗauki aikin yi wa direban hira har muka iso. Kamfanin da ya yi tsayin daka wajen hana mu faɗawa turmutsitsi bai kamata ya yi sakaci irin wannan a kan titi ba.

Da na kai ƙorafina ofishinsu bayan dawowa, manajan ya saurare ni da mutunci, ya ce, “Alhaji, gaskiyarku ne, mun dogara da dillalin inshorar ba mu bincika ba.” Na karɓi wannan magana, amma na shaida masa cewa idan suka shirya tafiyar gasar 2027 da za a yi a Kenya da Uganda da Tanzaniya, ba zan biya ko sisi ba sai na riƙe takardar inshorar a hannuna, na ga a rubuce cewa ita za ta biya asibiti kai tsaye, na ga iyakar kuɗin jinyar da ta ɗauka, da matsayinta a kan hawan jini da ciwon suga, da kuma ko za ta ɗauki nauyin dawo da mara lafiya gida. Na kuma nemi su sanya ma'aikacin jinya ɗaya a cikin tawaga kamar yadda ake yi wa alhazai, da direba biyu a duk tafiyar da za ta kai dare, ko da hakan zai ƙara wa kowa kuɗin kujera.