Pompon mai Walbro 255 da aikin wani gareji a Zango, abin da na gani bayan wata huɗu

Salam 'yan uwa masu harkar mota, tun kwanaki ake tambayata wai ya na ƙare da matsalar Cressida ɗina, to yau dai na zauna in rubuta don wani ya amfana kar ya yi asarar moter a banza.

Motar tsohuwa ce amma an ɗora mata 1JZ-GTE, moter ɗin Toyota mai silinda shida lita 2.5, wanda daga kamfani ƙarfin doki 280 yake zuwa da shi. Ni kuma na cire ƙananan turbo biyun da yake zuwa da su, masu tura iska cikin moter, na sa babba guda ɗaya, muka kai ƙarfin iska wajen bar 1, bar shi ne ma'aunin matsi. Cikin gari lafiya lau, nan Damagaram daga Birni zuwa kasuwar Dole ba ka jin komai, amma da na hau hanyar Tanut na taka ta sosai a bitesi na uku sai ta riƙa shaƙewa kamar an riƙe ta ta baya, ta saki ta kama, ta saki ta kama. Na canza buji ba canji, wani ya ce kwal ne mai ba buji wuta na canza, shiru, har na je na sayo wani pompon mai a wani shago da aka rantse mini na asali ne, sati uku ya yi ya fara kuka ya mutu, ashe jabu ne an buga mashi suna kawai.

Wani abokina direban Agadas shi ya kai ni wajen wani maigida a Zango, garejin ba wani babba ba ne, rumfa ce da rami ɗaya da aparanti uku. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sipana ba sai da ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a kan tiyo, ya jawo shi ya manna a gilashin gaba, ya ce Alhaji shiga mu hau kwalta. A tsaye agogo na nuna bar 3 daidai. Ya ce in lura, duk bar ɗaya da turbo ya tura dole mai ma ya ƙaru da bar ɗaya, ke nan in na taka ya kamata mu ga 4. Wallahi ina takawa allurar ta ɗan hau sai ta fara komowa ƙasa, ya daka mini tsawa ɗaga ƙafarka! Ya ce wannan shi ke cinye fistan, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, wuta ta yi zafin da ƙarfe ba ya ɗauka, kuma a zafin Damagaram na watan Afrilu da ake wuce digiri 40 ba ta daɗewa.

Shi ya ba da shawarar Walbro 255, wanda ake sakawa cikin tanki, 255 ɗin nan lita ce a awa ɗaya, kuma ya ce ga irin ƙarfin da nake nema ya isa har da saura, ba sai na wahalar da kaina da pompo biyu ko na waje irin Bosch 044 ba. Ta hannun wani ɗan uwana muka samo na asali, ya ɗan jima kafin ya iso, kuɗinsa ya fi ninki biyu na wancan jabun, ban yi nadama ba.

Amma inda na ga gwanintar mutumin nan a wajen waya ne. Ya sa mita a bakin tanki mota na aiki, wutar da ke isa pompo ba ta kai bolt 12 ba alhali a kan batir ana samun kusan 14, tsohuwar wayar nan siririya ta shekara talatin ta shanye sauran a hanya. Ya ce ko pompon zinariya ka sa in wuta ba ta isa ba juyinsa raguwa yake, mai ma ya ragu. Sai ya jawo waya mai kauri tun daga batir, ya sa fizibil kusa da batir ɗin, ya sa rele, wato makunnin da ke buɗe wa pompo wutar batir, tsohuwar wayar ta koma aikin kunna rele kawai, ya kankare fenti ya ɗaura mas, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a jikin ƙarfe mai tsabta. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe sai da ya sa mata roba, wannan kam na ji daɗinsa don kusa da esansi ba a wasa da tartsatsi.

Da aka sauke tanki kuwa abin da ya fito sai da na riƙe baki, rairayi da tsatsa da wani jan laka a ƙasa, ragar bakin pompo ta toshe rabi. Ya tambaye ni ko ina shan na kwalba wajen 'yan ruwa-ruwa, na ce wani lokaci in dare ya yi, ya ce ba hana ni zai yi ba amma in tace da ƙyalle, kuma in na samu hali in sha a tasha tunda ga matatar SORAZ a bayan gari tun 2011. Suka wanke tanki suka shanya, sabon filtir, tiyon da ke cikin tanki ma ya sa irin wanda ke jure zama cikin esansi don na waje narkewa yake in ya jiƙu.

Inda ban ji daɗi ba, ya ce kwana biyu sai da mota ta yi biyar, kuma ba ya ɗaukar waya in yana ƙarƙashin mota, sai dai ka tako da ƙafarka. Sannan bayan an gama mota ta riƙa warin mai a tsaye tana baƙin hayaƙi kaɗan, na koma, ya auna ya ga tsohon regilater, mai daidaita ƙarfin mai, ya kasa maida rarar mai tanki, ƙarfin ya haura, sai da na ƙara kuɗi aka sa wanda ake saitawa. Da ya gaya mini tun farko da na shirya aljihuna gaba ɗaya, na faɗa mashi haka kuma ya karɓa, bai caje ni kuɗin hannu karo na biyu ba.

Yanzu wata huɗu, na je Mirya ba adadi, na je Magarya sau biyu, na koma hanyar Tanut ɗin da agogo a manne, allura na hawa 4 ta tsaya cak har in ɗaga ƙafa. Ana ɗan jin zuuu daga baya in an kunna kontak, haka manyan pompo suke, kwana biyu kunne ya saba. Ba na barin mai ya sauka ƙasa da kwata don esansin ne ke sanyaya shi. Saura injekter masu fesa mai cikin moter, maigida ya ce kar in ƙara iska ko kaɗan sai mun canza su, ina tara kuɗin zuwa bayan salla in Allah ya yarda.